Zan kai yara Masar su ga dala, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Daura, 'ya'yana uku: babbar shekararta 13, mai bi mata 9, auta kuma 4. Tun da babbar ta ga hoton dalar Masar a littafin makaranta ta hana ni sakat. Na ɗan yi tanadi, ina so in kai su tare da mahaifiyarsu a dogon hutun Agusta, mu yi kwana bakwai tsakanin Alƙahira da Luksor. Wace shawara za a ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Niyyar ta yi, amma lokacin bai yi ba. A Agusta mu nan muna cikin sanyin damina, su kuwa can lokacin ne bazararsu ke kan ganiyarta. A Luksor zafi kan haura digiri 40, kuma wuraren tarihin nan fili ne fetal, dutse da rairayi, ba bishiyar da za a raɓe. Kada ka ce ai mutumin Daura ya saba da rana. Da zafi muna neman inuwa ne, ba ma saɓa yaro ɗan shekara huɗu mu shiga hamada. Ka jira hutun Disamba. Lokacin Alƙahira kamar hunturunmu take, da dare har sai an sa rigar sanyi. Illarsa ɗaya: Turawa ma lokacin suke tururuwa, masauki kan yi tsada, don haka a kama ɗaki da wuri. Dama kafin ka ga dalar Fir'auna sai dalar Amurka ta gasa maka aya a hannu.

Luksor kuma ka ajiye ta sai auta ya yi wayo. Daga Alƙahira tafiyar kusan awa goma ce a jirgin ƙasa, kuma kaburburan da ke Kwarin Sarakuna gangara ce da matakala. Alƙahira kaɗai ta ishe ku mako guda, muddin kuka riƙe ƙa'idar wuri ɗaya a rana: a fita da sassafe, a dawo masauki da azahar.

Ku fara da Giza, inda dalar suke a gefen Alƙahira. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta yanzu wajen mita 138, wato kamar a ɗora hasumiyar Gobarau tara kan juna. Faɗa wa yara haka, ya fi shiga kansu a kan lissafin mita. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma ni ban ga amfaninsa ga auta ba: lungu ne matsattse, a sunkuye ake hawa, ga zufa, ƙarshenta kuma ɗaki ne da akwatin dutse wayam. Kai da babbar ku shiga, Hajiya ta tsaya da ƙananan, sannan ku gangara wajen Abul Haul, mai kan mutum da jikin zaki. Masu raƙuma za su yanyame ku. A gama ciniki kafin yaro ya hau, a kuma fayyace cewa kuɗin ya haɗa da saukewa.

Washegari sai Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, kusa da dalar. Can aka tara kayan Tutankhamun, sama da 5,000, wanda aka gano kabarinsa a 1922. Ku gaya wa na tsakiyar cewa sarkin nan yana kamar shekarunsa ya hau mulki. Gawawwakin sarakuna kuwa suna wani gidan tarihin a unguwar Fusɗaɗ ta Alƙahira tun 2021, har da ta Ramses na Biyu. Mutanenmu kan nuna ta su ce ga Fir'aunan Annabi Musa. Masana ba su yi ittifaƙi a kan haka ba, don haka kada a yanke wa yara hukunci. A kuma lura da auta, wasu yaran kan tsorata.

Rana guda ta masallatai ce, Azhar da aka fara ginawa a 970 da na Amru ɗan As. A Azhar ka ba su labarin Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin nan na Katsina da ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741. Su san namu sun riga su taka garin.

Batun takardu: kowane yaro da fasfonsa, har auta, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ɗan Najeriya na buƙatar biza, a neme ta kafin a biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa. Kowa ya yi rigakafin zazzaɓin shawara ya karɓi katinsa, kuma sai allurar ta kwana goma ake amincewa da katin. EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, ba sai kun je Abuja ba. Ka tanadi katin banki mai aiki a waje, domin manyan wuraren sun koma sayar da tikiti da kati. Ruwan gora kaɗai za a sha, kuma Hajiya ta sa gishirin ORS da maganin zazzaɓin yara a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba.