Tayar tirelar kwale-kwale: kafin ka sake sayen wata

Salamu alaikum. Malam, ka ce tayoyin tirelar da kake jan kwale-kwale da ita zuwa Madarunfa suna ta fashe maka alhali zanensu bai ci ba, kuma mai shagon ya ƙi canza maka, kana tambayar wace marka ce mai ƙarko. To ni dai na daɗe ina jan tirela a hanyoyin nan, kuma a ganina ba marka ce damuwarka ba, shekaru ne da iska.

Tayar tirela ba ta cinyewa, tsufa take. Mota kullum tana kan hanya, ita kuwa tirela sai ta yi wata da watanni a ajiye cikin rana, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a nan Maradi, robar ta bushe ta tsattsage a gefe, kai kuma zane kake kallo kana cewa ai sabuwa ce. Duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 kenan na 2019. In ta haura shekara 5 zuwa 6 ni ba na ɗora mata kaya ko da a leda aka kawo ta. Tayoyin hannu da ake kawowa daga Turai kuwa, wasunsu na lokacin ƙanƙara ne, za ka ga alamar dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu taushi gare ta, kwaltarmu ba ta raga musu.

Sai iska. Mai faci ya saba da ƙananan motoci, in ba ka tsaya kansa ba kilo 2 da ɗan abu zai sa maka ya ce ta yi, alhali tayar tirela mai rubutu ST a farkon lambarta, ajin C (harafin da ke nuna ƙarfin ɗaukar kayanta) tana ɗaukar psi 50 a ma'aunin iska, wajen kilo 3 da rabi, ajin D kuma 65, wajen kilo 4 da rabi. Ƙarancin iska shi ke sa gefen ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta tarwatse. A auna da safe kafin a tashi. Kuma ST ɗin da ba a rubuta musu alamar gudu ba don gudun da bai wuce kilomita 104 a awa ba aka yi su, ni 80 ma ba na wucewa. In ba ka samu ST ba nemi ta motar kaya mai C a ƙarshe, irin 155R13C, wadda ke da lambar nauyi 90 bayan lambar girmanta kilo 600 take ɗauka, sai ka lissafa da nauyin jirgi da inji da koma jiƙaƙƙiya da ita kanta tirelar.

Af, in ka iso bakin tabki kar ka tsunduma ƙafafun cikin ruwa da zafinsu, boris na tsotsar ruwa giris ya lalace, gobe ka ce taya ce.

Maganar masu shago, wallahi yawancinsu ba mugunta ba ce, su ma sari suka yi daga Kano ko Kwatano ba su duba ba. Amma akwai wanda na sa ya buɗe ledar ya hau fushi wai ban yarda da shi ba, na ce Alhaji yarda daban karatu daban, na fice abina. Ka karanta shekarar kafin a fara ciniki, a rubuta maka lambar a rasit tare da sharaɗin canji in ta kumbura, don garanti na baki ba ya aiki ranar da ka dawo da taya a fashe, cewa zai yi rami ka faɗa. Waɗanda suka riga suka fashe kam sai haƙuri, sai dai ka turo mana hoton gefensu mu ga shekarar.