Tambaya da Amsa: Wa ke da ta cewa a kan siffar dogon bene?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine a Zariya. Mun yi gardama a aji kan hotunan wasu dogayen benaye na Landan, wani kamar fure, wani kamar oba-oba. Rabin ajin sun ce a bar mai zane ya nuna gwanintarsa, tunda talaka bai san zane ba. Ni kuwa na ce talakan ne zai riƙa wucewa ta gindin ginin kullum. Shin maganar jama'a tana hana irin wannan gini a can? Kuma wa ya fi gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Tana hanawa wani lokaci, amma sai ta bi ta hannun masu iko. Wannan mai kama da fure da kuka gani, Tulip, kamfanin Norman Foster ne ya zana shi a 2018, tsayinsa mita 305, ba ofis ba gida, hasumiyar kallon gari ce kawai. Hukumar tsakiyar birnin Landan ta amince a 2019, Magajin Gari Sadiq Khan ya ƙi a shekarar, masu aikin suka ɗaukaka ƙara, gwamnati ta ƙi amincewa a Nuwamba 2021, don haka ba a gina shi ba. Cikin dalilan akwai cewa zai danne kwarjinin tsohuwar fadar nan ta Tower of London, kuma filin da aka bar wa masu tafiya a gindinsa bai yi ba.

Abokan karatunki suna da hujja guda mai ƙarfi. Ido yana sabawa. A 1887 manyan marubuta da masu zane na Faransa suka sa hannu a takardar ƙin hasumiyar Eiffel, suna ganin za ta muzanta Paris. Aka gama ta a 1889, yau kuma ita ce tambarin ƙasar. Haka benen nan na Landan mai kama da kokwamba, wanda aka buɗe a 2004: an yi ta yi masa ba'a, yanzu 'yan gari na tinƙaho da shi. Sai dai kada su ɗauka kullum haka take ƙarewa. Benen Montparnasse, mita 210, tun 1973 yake tsaye a Paris, har gobe mutanen garin na cewa daga samansa aka fi ganin kyan birnin, don nan ne kaɗai ba a ganinsa. Haushinsa ya sa aka taƙaita tsayin sababbin gine-gine zuwa mita 37 a 1977.

Ni inda na fi tsayawa shi ne oba-oban nan, mai lamba 20 a titin Fenchurch, zanen Rafael Viñoly, mita 160. Kansa ya fi gindinsa faɗi, kuma ba don ado kaɗai ba: hawa na sama ya fi tsadar haya, don haka aka faɗaɗa inda kuɗi yake. Lokacin neman izini gardamar ta fi karkata kan yadda zai fito a sararin samaniyar birnin. Sai ga 2013, tun ba a gama ginin ba, fuskarsa ta kudu, wadda gilashi ce mai lanƙwasa ciki, ta riƙa tattara hasken rana tana zuba shi a titi, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Madubin gefe da wasu sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye a wurin suka narke, tabarmar ƙofar wani shagon aski ta babbake, wani ɗan jarida ya soya ƙwai a kasko a kan titin. A Landan fa, garin da ake marmarin rana! Dole aka bi fuskar da ƙarafunan inuwa. Daga baya kuma masu wucewa suka fara kukan iskar da benen ke tunkuɗowa ƙasa. Wannan ba abin dariya ba ne, don a Leeds a 2011 iskar gindin wani dogon bene ta kifar da babbar mota a kan wani mai tafiya a ƙasa, ya rasu.

To kin ga, ƙorafin jama'a iri biyu ne. Wanda ya ce gini ya yi muni, a saurare shi, amma a sani jikansa na iya ɗaukar hoto a gaban ginin. Wanda ya ce zai tare masa rana, ko ya hura masa iska, ko ya toshe masa hanya, wannan shekara hamsin ba za ta sauya masa ra'ayi ba, kuma ya fi mai zane sanin titin. Laifinmu mu masu sana'ar shi ne hoton da muke kai wa taron jin ra'ayi: an ɗauko ginin daga sama, da magariba, fitilu na walƙiya, kamar tsuntsaye za a tambaya. Ki ce wa malaminku ya sa ku zana abin da mai sayar da shayi zai gani daga kan bencinsa da ƙarfe biyu na rana. Rabin gaskiya taki ce, rabin da ya fi nauyi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, maƙwabcina a Kano zai ɗora bene mai hawa biyar, gaba ɗaya gilashi, tagoginsa na kallon tsakar gidana. Ina da bakin magana? Daga wani magidanci.

AMSA: Kana da shi, Alhaji, amma kada ka je da maganar gilashi bai yi maka kyau ba, ba wanda zai ji ka. Fara da sallama wa maƙwabcin, kai da mai unguwa, tun ana kan fandisho. Sauya taga a takarda kyauta ne, fasa ta bayan an yi filasta kuwa rigima ce. Abin da za ka nema a fili yake: tagogin ɓangarenka a ɗaga su sama da tsayin mutum, ko a sa musu gilashi mai duhu da ba ya buɗewa, kuma kada baranda ta fuskanci iyalinka. Idan ya ƙi, rubuta wa hukumar tsara birane, KNUPDA, ka nemi a duba ko hawa biyar ɗin da tazarar da ya bari daga katangarka suna cikin taswirar da aka amince masa. Ka riƙe kwafin takardarka mai hatimin karɓa. In kun zauna, ka tuna masa cewa gilashin da ke kallon yamma a zafin Afrilu shi zai biya kuɗin sanyaya shi, ga ƙurar hunturu da sai an hau an wanke.