Muryar Yaya ga Maman 'yan biyu: kanki bai toshe ba, bazara ce

(Ga muryar da Yaya ta turo jiya da dare a gurup ɗinmu na masu ɗinki na Maradi, na rubuta ta saboda masu cewa ba su da mega na intanet. Amsa ce ga Maman 'yan biyu da ta ce tunda zahi ya kama ta kasa hiddo sabon salo ko guda a ɗinkinta, ga yara ga girki, ta duba Facebook da TikTok har ta gaji, tana tambaya ko dai baiwar ce ta gudu.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare, ina gajiya, ina zahi. Maman 'yan biyu na ji muryarki tun la'asar, hannuna na cikin wanke-wanke shi ya sa sai yanzu. Allah sa ƙurajen zahin yaran sun lafa.

Ƙanwata ba abin da ya gudu wallahi, baiwa ai ba akuya ba ce da za ta tsinke igiya ta shiga gonar mutane. Bazara ce kawai. Ki duba fa watan huɗu muke, rana na wuce 40 a ma'auni, dare ma ba a samun barcin kirki sai gab da asuba, kuran ya ɗauke fanka ta tsaya, ke ga ki da yara biyu kowane na son a goya shi, to a wannan hali wa zai zauna ya ƙirƙiro hure? Ni kaina da na tsufa cikin sana'ar nan, daga tsakiyar watan uku har ruwa ya sauka ba na karɓar aikin surfani mai yawa. Gumin hannu na ɓata shadda, in fara ce sai ki ga shatin yatsa ya hito rawaya-rawaya, allura na zamewa, zare ya yi danƙo. In mace ta kawo mini babban aiki yanzu gaskiya nake gaya mata, Hajiya in kina sauri ki kai ma mai injin, in aikin hannuna kike so ki yi haƙuri iska ta sauya.

Abin da nake yi da bazara shi ne kaye da bik, wato littahin rubutu da biro. Kaye irin na 'yan lakwal ɗin nan mai ƙananan gidaje, shi ya hi daɗin zane saboda kina iya ƙirga gidajen kamar yadda za ki ƙirga zare. In an yi isha'i mun yayyafa ruwa a tsakar gida mun shimhiɗa tabarmi, yara na tsotsar mangwaro suna ɗiga ma kansu har gwiwar hannu, ni ina jingine kusa da randa, randar ma na saka mata jema, ruwan ya yi sanyi da ƙamshin nan da ko hirji ba ya ba ki shi, sai in yi ta zane-zanena da hasken waya. Mahi yawansu ba su da kyau, ba komai, ba mai gani. Yaran ma na ba su takarda su yi nasu don su bar ni in sha iska. Auta ce ta taɓa zana kaza, kazar dai ba ta yi kama da kaza ba amma sawunta da ta jera a ƙasa, yatsu uku gaba ɗaya baya, ya ba ni sha'awa, na jera shi a bakin zanen gado da jan zare, har yau shi ne anka hi nema gare ni. Ke ma naki in sun ƙara wayo ki ba su bik ki ga ikon Allah.

Maganar waya kuwa, ban ce kar ki duba ba, ni ma can nake ganin yadda ake yanka hannun riga na zamani. Amma salon da kinka gani na Dakar ko Bamako ko Kano, telolin unguwanninmu na Maradi, na Zariya da na Sabon Gari da na Bagalam, duk sun gan shi rana ɗaya da ke. Shi ya sa ran salla za ki shiga gidan gaisuwa ki tarar da mata huɗu da wuyan riga iri guda kowace na harare-harare. Yanka ki koya a waya, amma hure da launi ki ɗauko su nan inda kike.

Ki bari dai ruwa ya sauka ki gani. Ni duk shekara ba lokacin da kaina ke buɗewa kamar farkon damana. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, iskar nan mai ƙura ta fara zuwa, kowa na gudu kwashe shanya, ana kiran yara ana kama kaji, can sai ki ji ɗigon farko bisa kwano, ƙamshin ƙasa ya tashi, yaran da kinka kira ɗazu sun tuɓe sun koma waje ba mai iya tsai da su. Washegari gari ya yi tsit don kowa ya tahi shibka. Mu namu gonar na wajen Tibiri, in an ba yara bakans, wato hutun lakwal, muna kwana biyu can wajen kakarsu, to can nake cika kayena.

Bari in ba ki misali guda. Kin taɓa tsugunawa kin kalli ganyen gujiya da kyau? Huɗu ne a kowane reshe, biyu na kallon biyu, ga ɗan hure rawaya ɓoye a ƙasa. In magariba ta yi sai ganyen su haɗe baki su ruhe, da sahe su buɗe. Wato salo biyu ke nan cikin tsiro ɗaya, buɗaɗɗe da haɗaɗɗe, sai na riƙa jera su ɗaya buɗe ɗaya haɗe a wuyan riga, in ɗiga rawaya a tsakani. Wadda na fara ɗinka ma wa har tambayata ta yi wai daga Dubai na samo. Na ce daga gonar surukata.

Ko gawo. Duk itace na yin kore da damana shi kuwa lokacin yake kaɗe ganyenshi ya tsaya tsirara, sai bayan kaka ya sake sabo, shi ya sa manoma ke barin shi tsakiyar gona, ba ya tare ma hatsi rana kuma ganyen da ya zubar taki ne. To ki tsaya ki kalle shi a watan takwas, rassa fari-fari toka-toka, bayanshi hadari baƙi, ƙarƙashinshi hatsi kore shar. Launi uku ne da ban taɓa tunanin haɗawa ba sai da na gan su tsaye a gona. Zaren toka bisa shadda kore mai duhu, wallahi kyau kamar mi.

Sai Gulbin Maradi in ya kawo ruwa. Duk rani yashi ne yara na ƙwallo ciki, rana ɗaya a ce ruwa ya zo daga wajen Jibiya, jama'a su tahi kallo, ruwan ja-ja yana murɗawa yana jan kara da itace. Kakata Allah ji ƙanta ba ta son muna zuwa, don ita ta ga ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari can ƙasa cikin fadama, wadda ta sa anka maido Maradi nan bisa tudu, in ta fara ba mu labarin nan sai tuwo ya huce. Amma muna zuwa a ɓoye, kuma murɗawar ruwan nan ita nake yi a gindin zane har gobe.

Sai dai kar in yi miki daɗin baki, damana ba kuɗi. Watan takwas tsohon hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai iso ba, tiya ta yi tsada, ba mai ɗinka sabon kaya, sai gyara da faci da rage wando. Ki shirya ma wannan tun yanzu, in kina adashi ki roƙi a ba ki kwasarki lokacin. Abin da ke rage zahin shi ne ganye ya wadata, tafasa, rama, yaɗiya, tamaka, ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da albasa, ga masara gasassa da marece, yara ba su san ana babu ba. Kuma don Allah ke mai ƙananan yara, gidan sauro kullum, in masu rigakahin zazzaɓi sun zo gida-gida da maganin nan da ake ba 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damana, ki karɓa ki cika musu na kwana ukun, kar ki ba da na rana ɗaya ki jehe sauran bisa kanta. Yaro na kwance ba zare ba allura, na gaya miki.

Kaka kam ba ta da dogon bayani, gudu ne. An yanke hatsi, an sai da wake da gujiya da aya da riɗi, kuɗi sun shigo hannun mutanen ƙauye, bukukuwan aure sun taso, ga rantire, wato komawa lakwal, a watan goma kowa na son kayan lakwal jiya-jiya. Ba lokacin tunani ba ne, abin da kinka tara a kaye shi za ki buɗe ki ɗinka. Wadda ba ta tara ba ita ke kwana tana latsa waya. Daɗinta dai tumu da hurar sabon hatsi da nono mai kyau, ki sha a tsaye ki koma kan keke.

Ni dai in za a bar ni in zaɓa, sanyi. Watan sha biyu da watan ɗaya. Hannu a bushe, dare dogo, shadda ba ta ɓaci, ki zauna aikin hannu tun bayan isha'i har ƙarhe sha ɗaya ba ki ji ba. Matsalar ɗaya kaushi, yatsa in ya tsage zaren siliki na maƙalewa ya yi gashi-gashi, don haka ki shafa man kaɗe tun da magariba ya shiga jiki sannan ki goge hannu sosai kahin ki taɓa kaya, kar ki shafa ki ɗauki allura nan take, maiƙo ba ya hita a shadda. Muna kunna gawayi a kasko tsakiyar ɗaki, amma a bar taga a ɗan buɗe kuma a hitar da shi kahin a kwanta, wannan ba wasa ba ne hayaƙin gawayi na kisa. Inna na yi ma yara gatana, ta gizo da ƙoƙi da sun ji ta ba adadi amma in ta tsallake wuri sai su ce a'a Inna ba haka ba ne, maigida na gehe da rediyo in lokacin kokowar takobi ne, wato gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, shi da ba ya iya ɗaga buhu amma yana ta ihu yana ba mu labarin Kantu da ya ɗauko ma Maradi takobin farko a 1975. Ni ina saƙa hula da safar jarirai da ulu ina jin su. Da sahe hazo ya ruhe gari, kunun tsamiya da ƙosai, kasuwa ta cika da salati da karoti da shu da tumatir na Jiratawa da lambunan bakin Gulbi, ko ba ki sayi komai ba ki ratsa layin masu kayan lambu ran Litinin ko Juma'a ki ba idonki abinci. Manyan ayyukana duk, na amare da na masu zuwa Makka, da sanyi nake yin su.

Wani abu kuma da ya kamata mu masu ɗinki mu lura, azumi na matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. Kun tuna na 2019 a watan biyar anka yi shi, tsakiyar wuta, muna ɗinkin salla da ƙishirwa harshe kamar zai tsage, na 2025 kuwa a watan uku ya kama. Wato yana tahiya cikin sanyi ke nan, kuma sai ya yi wajen shekara 33 kahin ya zagayo inda ya baro. To ɗinkin ƙaramar salla zai riƙa faɗowa daidai lokacin da hannu ya hi daɗin aiki, kuma mutane za su nemi yadi mai ɗan kauri da dogon hannu, ku fara tunanin salonshi tun yanzu kar a bar ku a baya.

Zancen yara da girki kuwa ƙanwata, kar ki jira ranar da za su bar ki, ba ta zuwa, nawa sun girma jikoki sun maye. Ki zauna da baban 'yan biyu ki gaya mishi da daɗin rai, awa ɗaya bayan isha'i taki ce, ya ɗauke su ko ya hita da su ƙofar gida shan iska, ai shi ma yana cin kuɗin ɗinkin. In da ƙanwar miji a gidan ki koya mata ɗaurin bakin zane ita kuma ta riƙe miki goyo. Kuma ki rage karɓar aiki cikin watan nan, biyu da za ki gama lahiya sun hi goma da za a yi ta aiko yaro yana tsaye bakin ƙofa.

Af, na kusa mantawa, ulu ki saye shi yanzu da ba mai nemanshi, in sanyi ya kama tsada yake kuma launuka masu kyau sun ƙare. In kin shiga babbar kasuwa ki duba mini ko akwai ja mai duhu, ba jan tumatir ba, ja irin na jar akuyarmu ta Maradi, na daɗe ina nemanshi, in kin samu ɗauko mini ƙulli biyu in aiko da kuɗin. Sannan wadda ta ari babban almakashina cikin gurup ɗin nan ta san kanta, ban kama suna ba, a ba yaro ya kawo mini gobe da sahe ina da yanka. Sai da sahenku.