Kada ka yanke kuɗin tsohuwar mota kafin ka ga ƙarfenta

Wani mai garajin fenti da gyaran jikin mota a Yamai ya aiko da wannan tambaya: "Malam, wani Alhaji ya kawo mini Peugeot 504 ta marigayi mahaifinsa, yana so a kankare ta har ƙarfe, ciki da waje da ƙarƙashi, a mayar da ita sabuwa. Mun yi ciniki a kan jikka 900, wato sefa dubu 900, ya ba ni 600 kafin alƙalami. Da muka kankare sai muka tarar da tsatsa da mastik (abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi) ko'ina, kuɗin sun ƙare, motar tana ajiye ba fenti, shi kuma ya ce ba zai ƙara ko dala ba. Ina ganin aikin hannu ne ya cinye ni, shi ya sa nake son cin bashin miliyan 3 in sayi injin fesa yashi, in riƙa sayen tsofaffin motoci ina gyarawa ina sayar wa Turawa, domin na ga an sa wa wata 504 Yuro 20,000 a intanet. Me kake gani?"

Malam, ka ajiye maganar inji da ta Turawa tukuna, domin a cikin wasiƙarka kuskure ɗaya ne na gani, kuma ko ambatonsa ba ka yi a matsayin kuskure ba. Ka yanke kuɗin aikin da idonka bai gani ba. Ranar da ka ce wa Alhaji jikka 900, abin da ke gabanka fenti ne kawai, shi kuwa fenti aikinsa ke nan ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Cinikin biri a sama ka yi, kuma da kana da inji goma a garajin nan, da abin da za su yi maka shi ne su nuna maka asararka da wuri.

Ka duba irin motar da aka kawo maka. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke ƙasar nan Turawa ne suka tuƙo su ta hamada a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, suka sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai. Irin waɗannan motoci sun riga sun yi shekaru a kan titunan da ake zuba wa gishiri lokacin sanyi kafin su iso mana, gishirin kuwa ya shige cikin lungunan ƙarfe ya fara aikinsa tun can. Ƙari a kan haka, ƙaramar 504 ba ta da shasi na daban kamar tsohuwar Land Cruiser. Jikinta shi ne ƙashinta. Idan daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi suka ruɓe, ƙarfin motar ne ya tafi, ba kyanta kaɗai ba. Sannan mota mai shekaru arba'in ko fiye ta ratsa hannun masu gyara da yawa, kowane karo da ta yi an bubbuga, an cike da mastik, an fesa sabon fenti a kan tsoho. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san haka, kai ma ka sani, amma ka ga jikka 600 a hannu sai sanin ya gudu.

Da ka bi jikinta da mayen ƙarfe, da duk inda ya ƙi kamawa ka san mastik ne mai kauri. Da ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa gindin but da wurin batir da bakin gilashin gaba, ka soki kwaltar ƙarƙashi da sukuddireba, da ka ji inda ƙarfe ya yi laushi. Wannan zai rage duhun, amma ba zai kore shi ba. Kwaltar da ake shafa wa ƙarƙashin mota idan ta tsufa takan tsage, ruwa ya shiga bayanta ya zauna, ƙarfen ya ci gaba da ruɓewa alhali daga waje baƙar fatar tana nan lafiya lau. Babu gwanin da zai faɗi adadin waldar da tsohuwar mota ke bukata kafin a tuɓe ta, wanda kuwa ya faɗa caca ya yi da kuɗinsa.

Bari mu yi lissafin da ya kamata ka yi tun farko, da ƙiyasi kawai, kai ka gyara shi da farashin da kake saye a kasuwar Katako. Yara biyu, kowane jikka 3 a yini, na kwana 20 suna kwance kaya, suna kankara da gurza, jikka 120 ke nan. Fayafayan gurza, da samfefa, da ruwan cire fenti, da gas na ɗumama kwalta, da man janareta ranar da aka ɗauke wuta, ka sa jikka 100. Fentin epoksi na rufe ƙarfe da abin tsarma shi, ka sa jikka 80. Kusan jikka 300 sun tafi ke nan, ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba, ba a ɗiga walda ba. Daga nan ne kuɗin da ba a san iyakarsu ba suke farawa: mai walda na iya cin jikka 150 idan motar tana da lafiya, yana iya cin 500 idan sai an ƙera mata sabon daɓe. Sai daidaita jiki da fenti mai kyau, sai robobin gilashi da na ƙofofi, waɗanda sukan yayyage ranar cire su, kuma sai an aika Sakkwato ko Kano ko Kaduna kafin a samu. Ban ma sa kuɗin filin da motar ta tare ba, inda da taksi nawa ka fesa a wurin ka karɓi kuɗinka a cikin mako. Ina da tabbacin ba ka rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin da ka rubuta, da wasiƙarka ta gaya mini inda jikka 600 suka shiga maimakon ta ce "sun ƙare".

Na san wani mai gyaran jikin mota a Tawa, gwani ne ƙwarai, wanda irin wannan ciniki ya rufe masa garaji. Ya karɓi tsohuwar mota a kan kuɗi yankakke, ya tarar da abin da ka tarar, kunya ta hana shi komawa wurin mai ita. Sai ya ɗauki kafin alƙalamin mota ta biyu ya zuba a ta farko, ya ɗauki na ta uku ya toshe ta biyu. Kafin shekara ta zagayo mutum uku suna sallama a ƙofarsa, kowa da gaskiyarsa, aka ƙare a gaban hukuma, ya sayar da kwamfaresarsa ya biya. Wani kuma a nan Yamai ya zaɓi hanyar da na san Shaiɗan yana raya maka yanzu: ya cusa raga da mastik a cikin ramukan, ya fesa fenti mai sheƙi, ya miƙa makulli. Motar ta sha zafin bazara, ta sha damina ɗaya, fentin ya kumbura ya fashe, mai ita kuwa babu majalisar da bai kai labarin ba. Masu son gyaran tsofaffin motoci a garin nan ƴan kaɗan ne, kuma duk sun san juna.

Irin wannan aiki kashi uku ake raba cinikinsa. Kashi na farko shi ne kwance mota, da kankare ta, da rufe ƙarfen da epoksi. Wannan kana iya yanke kuɗinsa domin girman mota sananne ne, kuma a biya shi gaba ɗaya kafin a taɓa ta. Idan an gama, sai ka kira mai mota ya zo da ƙafarsa, ku zagaya ta tare, ka zana wa kowane ruɓaɓɓen wuri alli, ka ɗauki hoto, sannan a yi cinikin kashi na biyu, wato yanka da walda, wuri bayan wuri. A nan mai mota yana da damar ya ce ya fasa, ya ɗauki abarsa a rufe da epoksi, babu wanda ke bin wani. Kashi na uku, daidaitawa da fenti da haɗawa, sai ƙarfe ya kammala ake maganarsa. Kowane kashi a rubuta shi a takarda, ku sa hannu, da shaidu biyu. Wasu suna ganin neman sa hannu daga babban mutum rashin ladabi ne, ni kuwa ina tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Yanzu ga abin da za ka yi da motar da ke gabanka, kuma na farko ba ya jiran sulhu da Alhaji. Ƙarfen da aka tuɓe ba ya haƙuri. Ko gumin tafin hannu ya isa ya bar masa tabo, idan kuwa iska ta ɗauki laima, kamar yadda take yi a Yamai daga Yuni zuwa Satumba, jan tsatsa yakan hau shi cikin dare ɗaya. Ka sake goge shi, ka wanke maiƙo, ka fesa epoksi a wannan makon ko da daga aljihunka ne. Kada ka yaudari kanka da fentin share fage mai toka-toka na yau da kullum, domin yana shan ruwa, tsatsa kuma tana ci a ƙarƙashinsa. Duk ranar da ka ƙara barin motar haka, jikka 300 da ka riga ka kashe ne suke komawa banza, kuma wannan laifin ba za ka iya ɗora wa kowa ba.

Bayan haka ka nemi dattijon da Alhaji ke jin nauyinsa, ku gayyato shi garajin, kada ka yi maganar ta waya. Ka tara mastik ɗin da aka kankaro a bokiti ya gani, ka sa yatsarsa a cikin ramin daɓen. Ka gaya masa gaskiya cewa kai ne ka yi gaggawar yanke kuɗi, saboda haka ka yafe ribarka da ladan hannunka a kashin farko, shi kuma ya ɗauki kuɗin ƙarfe da walda bisa sabon lissafi a rubuce. Alhaji yana da hujja, ciniki ciniki ne, kuma idan ya tsaya a kan bakansa sai ka cika alkawari ka ɗauki asarar jikka 300 ko 400. Sai dai mutumin da ya kawo motar mahaifinsa ba arha ya zo nema ba, so yake ta rayu, kuma da wuya ya ga ramin da idonsa ya ce a rufe masa da mastik.

Injin fesa yashi kuwa, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Yana bukatar kwamfaresa babba, wadda kake fenti da ita ba za ta riƙe shi ba. Ƙarfen rufin mota da na bonet da na ƙofofi bai kai kaurin milimita ɗaya ba, hannun da bai ƙware ba yakan lanƙwasa shi ya yi tudu da kwari, gyaran kuma ya fi kankarar tsada. Kwaltar ƙarƙashi, wadda ita ce ta fi cin lokaci, yashi ba ya cire ta da kyau saboda taushinta, dole a koma ga wuta da abin kankara, bayan an sauke tankin mai. Yashin da ya maƙale a lungu yakan fito ranar fesa fenti ya ɓata aikin. Mafi muni, ƙurar yashin gulbi tana jawo ciwon huhu da ba ya warkewa, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, yaran da ke shaƙa kuwa amana ce a hannunka. Bashin miliyan 3 a shekara biyu jikka 125 ne kowane wata, ban da abin da mai bashi zai ɗora. Mota nawa ake kawo maka a shekara ana so a tuɓe ta har ƙarfe? Idan amsar ɗaya ce ko biyu, to ranar da ka bukaci yashi don shasi ko ƙafafu, ka kai wa mai injin ka biya shi.

Maganar Yuro 20,000, wato sama da sefa miliyan 13, ita ce ta fi ba ni haushi. Kuɗin da mai talla ya rubuta daban, wanda aka biya daban. Nau'in 504 da ke tsada a Turai su ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ba mai ƙofa huɗu ko doguwar da ta yi shekara talatin tana jigilar fasinja tsakanin Tawa da Ƙonni ba. Mai sayen irin wannan mota yana tambayar takardunta, da lambar injinta, da hoton kowane mataki na gyara, kai kuwa takardar jikka 600 ma ba ka da ita. Sannan sai ka kai motar tashar jirgin ruwa mai nisan fiye da kilomita 1,000, a lokacin da hanyar Kwatano ta rikice tun 2023, ka biya dako da duwan da jirgi, ka jira mai saye da kuɗin bashi a wuyanka. Kuma duk tsohuwar motar da za ka saya, a rufe da fenti za ka saye ta, wato kuskuren da ka yi wa motar Alhaji za ka maimaita, sai dai wannan karo babu Alhajin da za ka roƙa ya ƙara.

Ka sayi littafi na dala ɗari ka ware wa wannan 504 shafinta: kwanakin da kowane yaro ya yi a kanta, kowane faifai, kowace lita, kowane ƙarfe da aka yanka. Idan ta fita daga garajin, wannan shafin ne zai gaya maka kuɗin kashi na farko da za ka faɗa wa mutum na gaba. Idan ka gama mota uku a haka, kowace da shafinta da hotunanta, ka sake rubuto mini da alƙaluman, sai mu duba ko aikin ya kai a saya masa inji.