Littafin da Ya Raba Kan Ƙungiyar Karatunmu: Zambo Ne ko Shirme?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da 'yar ƙungiyar karatu, duk wata mukan zaɓi littafi ɗaya mu tattauna. A wannan karon wani ɗan'uwa da ke koyar da Turanci ya kawo mana *White Noise* na Don DeLillo, ya ce babu littafin da ya kai shi tona asirin zaman iyalin zamani. To Malam, kai ya rabu. Wasu sun ce sun yi dariya har da hawaye. Wasu kuma, har da ni, mun ga abu ba kai ba gindi: mutanen ciki ba sa magana kamar mutane, yara sun fi iyayensu baki, labarin bai nufi ko'ina ba, ga sunayen kayan talla ana ta jefowa babu dalili. Wata ma cewa ta yi marubucin raina aure da iyali kawai yake yi. Mu ne ba mu gane ba, ko kuwa littafin ne aka zuzuta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, kun gane. Duk abin da kika lissafa yana cikin littafin, kuma da gangan aka sa shi. Inda ake jayayya shi ne ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma wannan gardamar ta daɗe a Amurka kanta. Littafin ya fito a 1985, ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar, wato National Book Award, a 2005 kuma mujallar Time ta sa shi cikin ƙagaggun labarai 100 mafiya daraja da aka rubuta da Turanci tun daga 1923. Amma a 2001 wani mai sharhi, B. R. Myers, ya yi dogon rubutu a mujallar Atlantic ya yi wa DeLillo da wasu manyan marubuta wankin babban bargo, yana cewa burga ce ta yi yawa a rubutunsu, masu yabo kuma bin yarima suke yi a sha kiɗa. Kowane ɓangare a ƙungiyarku yana da manya a bayansa.

Bari in shimfiɗa gidan saboda wanda bai karanta ba. Mai ba da labarin, Jack Gladney, malamin jami'a ne a wani ƙaramin gari mai suna Blacksmith. Shi ya ƙirƙiro sashen nazarin Hitler a jami'arsu, yana yawo da baƙar rigar malamai da baƙin tabarau don a ji tsoronsa, alhali ko Jamusanci bai iya ba, a ɓoye yake zuwa ɗaukar darasi. Aurensa biyar da mata huɗu, don ɗaya sau biyu ya aure ta. Matarsa ta yanzu Babette ita ma ta sha aure. Yara huɗu ne a gidan: Heinrich da Steffie nasa, Denise da ƙaramin Wilder kuma agololi. Babu ko ɗaya da suka haifa tare. Wata rana taragon jirgin ƙasa ɗauke da sinadari mai guba ya yi hatsari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, aka kwashe mutanen gari har kwana tara. Bayan an dawo Jack ya gano matarsa na shan wata ƙwaya a ɓoye, Dylar, wadda aka ce tana maganin tsoron mutuwa, kuma ta ba da kanta ga mutumin da ke riƙe da ƙwayar kafin ta samu.

Maganar yara masu baki ita ce ƙofar shiga. Ki koma wajen da Jack ke kai Heinrich makaranta a mota. Yaron, ɗan shekara 14, ya ce rediyo ta ce da daddare za a yi ruwa. Uban ya ce ai ga ruwa nan yana sauka a gilashin mota. Yaron ya maimaita: rediyo dai ta ce da daddare. Daga nan aka shiga musu. Uban ya ce dubi gilashi, yaron ya ce ai ido yana yaudara. Uban ya ce to a ce wani ya ɗora maka bindiga a ka ya ce faɗi gaskiya, ana ruwa ko ba a yi, yaron ya ce gaskiyar wa, kuma wane lokaci ne "yanzu" tunda kafin ka rufe baki ya wuce. Har suka isa makaranta bai amsa cewa ana ruwa ba, ga mutane na gudu ruwa na dukansu. Wanda ya karanta wannan da ma'aunin tarbiyya zai ga fitsararren yaro kurum. Amma ki duba wanda aka kayar: uba ne, farfesa guda, ya kasa tabbatar wa ɗansa abin da idonsu ke gani, saboda akwai muryar da ta fi tasa ƙarfi a gidan, kuma daga akwati take fitowa.

Haka abin ya ci gaba lokacin hayaƙin guba. Rediyo ta ce alamar kamuwa ita ce gumin tafin hannu, 'yan matan gidan suka fara gumin tafin hannu. Aka sauya sanarwa aka ce tashin zuciya ne, sai yayansu ya lura cewa ƙannensa na fama da alamomin da an riga an daina yayinsu. Shi kuwa maigida yana zaune yana cin abinci, yana gaya wa iyalinsa irin wannan masifa kan talakawa take faɗawa, wa ya taɓa ganin malamin jami'a a talabijin yana gudun ambaliya. Da suka isa sansanin gudun hijira, ma'aikacin da ya tarbe shi na wata hukumar atisayen kwashe mutane ne, wanda ya bayyana masa cewa suna amfani da wannan hatsarin na gaske ne don su gwada yadda atisayensu zai kasance. Mutumin ya shigar da bayanansa a kwamfuta, ya gaya masa minti biyu da rabin da ya yi a waje yana zuba mai a mota sun sa gubar a jikinsa, amma sai nan da shekara 15 za a san inda aka dosa. Masu dariyar ƙungiyarku a nan suka yi ta, kuma suna da hujja.

Abin da ake nufi da salon bayan-zamani a adabi ke nan a aikace: marubuci ya daina yarda cewa akwai murya guda da za ta tsaya ta faɗi gaskiyar lamari, sai ya cika labarin da muryoyin talla da rediyo da jita-jita, ya bar hoton abu ya fi abin kansa daraja. Akwai wajen da Jack da abokinsa Murray suka je kallon wani rumbun gona da aka ce ya fi kowanne shan hoto a Amurka. Tun daga hanya alluna ke sanar da shi, da suka isa kowa na riƙe da kyamara, Murray ya ce ai babu mai ganin rumbun kuma, hoton hoto ake ɗauka. Sunayen kayan da ake jefowa a tsakiyar shafi su ma haka ne: hayaniyar da ke shiga kunnen mutanen gidan ce dare da rana, marubucin ya ƙi tace ta. Ya san ta ciki da bai, don ya yi aikin rubuta talla a wani kamfani a New York kafin ya koma rubutun littafi. Sunan da ya so sa wa littafin ma tun farko shi ne Panasonic, kamfanin ya hana.

Inda ba na tare da 'yar'uwar da ta ce raina iyali ake yi shi ne nan. Wanda ya raina iyali ba zai rubuta uban da ke jan kujera cikin dare ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna barci don hankalinsa ya kwanta ba. A sansanin nan Jack ya ji Steffie na motsa baki cikin barci, ya matsa kusa yana zaton wani babban sirri zai ji, ashe sunan mota take kira, Toyota Celica. Abin dariya ne, amma shi mutumin tsigar jikinsa ce ta tashi kamar ya ji addu'a. Mata da mijin kuma kullum musunsu wa zai riga wani mutuwa, kowa na cewa gara shi ya fara tafiya don ba zai iya zaman kaɗaici ba. Gidan nan akwai ƙauna. Abin da babu shi ne madogara. Ba masallaci, ba coci, ba dangi a kusa, ba dattijon da za a kai wa kuka, sai babban kanti da talabijin da kwalbar magani. Zambon DeLillo a kan waɗannan yake, da kuma yadda aka ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Murray yana ɗaukar shiga kanti tamkar shiga wurin ibada, Jack kuma in ransa ya ɓaci sai ya kwashi iyali a je a yi ta sayayya har ya ji ya koma mutum.

Ina zaton wannan ne ya sa littafin ke yi wa mai karatu na nan wuyar shiga fiye da Turancinsa. Mu mutuwa ba a ɓoye mana ita. Yaro yana tasowa yana ganin an fito da makara, an yi sahu, an zauna zaman makoki a ƙofar gida, kuma an ba shi kalmomin da zai faɗa. Sai ga magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya yana farkawa cikin gumi saboda tsoron mutuwa, matarsa na sayar da mutuncinta a kan ƙwaya, dole ki ce me ya yi zafi. DeLillo ya san da wannan gibin. Shi ɗan baƙin haure ne 'yan Italiya, an haife shi a unguwar Bronx ta birnin New York a 1936, ya tashi cikin Katolika. Kusa da ƙarshen littafin ya kai Jack asibitin wasu sistocin cocin Katolika Jamusawa, Jack ya fara yi wa wata tsohuwar sista maganar aljanna yana jin daɗi, ita kuwa ta ce masa su ma ba su yi imani ba, suna nunawa ne kawai saboda marasa imani su samu natsuwar cewa akwai wanda ya riƙe musu. Wannan shafin ya fi duk barkwancin littafin ɗaci. Mumini zai iya jin haushinsa, amma ba addini yake yi wa dariya ba, mutumin da ke son wani ya yi masa imani a madadinsa yake nunawa.

Yanzu gaskiyar ɓangarenku. Zargin cewa kowa murya ɗaya gare shi ya zauna daram. Yarinya 'yar shekara 11, farfesa, likita, tsohon suruki, duk da zalaƙar DeLillo suke magana. Masu kare shi suna cewa ai mutanen da talabijin ɗaya ta yi rainonsu dole bakinsu ya zo ɗaya. Na yarda da rabin wannan. Sauran rabin gazawa ce da aka yi wa ado, domin bayan shafi ɗari kunne yana gajiya, kuma Babette, wadda ita ce ta fi kowa shan wahala a labarin, ba a taɓa barinmu mun shiga zuciyarta ba, ta idon mijinta kawai muke ganinta. Kashi na uku na littafin kuma, inda Jack ya ɗauki bindigar da surukinsa ya ba shi ya tafi neman mai ƙwayar, Willie Mink, a ganina shi ne mafi rauni. An shirya shi tun da wuri, don tun a aji Jack ya gaya wa ɗalibansa cewa duk wani ƙulli na labari mutuwa yake dosa, shi ya sa littafin ya yi ta kewaye-kewaye yana gudun zama labari. Amma dabara ta yi ma'ana daban, ta yi daɗin karatu daban.

Sai batun darasi. Wanda ya taso da littattafanmu ya saba a ƙarshe mugu ya ga sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse. A nan mutum ya harbi wani har sau biyu, ya ja shi ya kai asibiti, ya koma gida ya kwanta, babu ɗan sanda, babu kotu, babu maganar saki. Sai ƙaramin yaro ya tsallaka babban titi a kan kekensa mai ƙafa uku motoci na kauce masa, sai aka sauya jerin kaya a kanti tsofaffi suka rikice, littafi ya ƙare. In kin ce wannan bai gamsar da ke ba, ba jahilci ba ne, ɗanɗano ne, kuma manazarta da yawa a can suna tare da ke.

Akwai kuma abin da lokaci ya yi wa littafin. Makonni kaɗan kafin fitowarsa, a Disamba 1984, iskar guba ta kwarara daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta Indiya ta kashe dubban mutane, sai masu karatun farko suka ɗauke shi kamar duba. Yau kuwa duk mai wayar hannu ya san yadda saƙon WhatsApp guda ke sa gida ya fara jin ciwon da ba ya yi. Wasu na ganin wannan ya tabbatar da hangen marubucin, wasu na ganin ya mayar da zambonsa tsohon labari. Ni ina tare da na farko, sai dai na fahimci ɗan shekara 25 da zai ce me aka gaya mini sabo.

In ƙungiyarku za ta sake zama a kansa, ku bar tambayar ko yana da daɗi. Ku ɗauki musun ruwan saman nan, mutum biyu su karanta shi da ƙarfi, ɗaya uba ɗaya ɗa, domin barkwancin DeLillo a kunne yake fitowa, ido kan tsallake shi. Kada kuma wani ya ce zai kalli fim ɗin da Noah Baumbach ya yi a 2022, wanda Adam Driver da Greta Gerwig suka fito a ciki, a madadin karatu. Ya bi labarin sau da ƙafa, amma maganganun da ke tafiya a takarda sun yi nauyi a bakin 'yan wasa, kuma 'yan kallo sun rabu a kansa kamar yadda kuka rabu. A jihar Ohio aka ɗauke shi, har wasu mutanen garin East Palestine suka fito a matsayin masu gudun hayaƙi. A ranar 3 ga Fabrairu 2023 jirgin ƙasa ɗauke da sinadarai ya kauce daga layi a garin nasu, aka kwashe su da gaske.