Shin da gaske Agustin ɗan Afirka ne?

Tambaya: Malam, a darasin tauhidi malaminmu ya ce Agustin ɗan Afirka ne, ni kuwa duk hotonsa da na gani Bature ne. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Malaminku ya faɗi daidai, ɗan'uwa. Hotunan nan masu zanen Turai ne suka yi su bayan rasuwarsa da daɗewa, ba waninsu da ya taɓa sa shi a ido. Agustin, babban malamin Kirista na zamanin dā, an haife shi a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau. Da Latin yake rubutu, domin yankin na hannun daular Roma a lokacin.

A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya yi karatu, ya bi addinin Mani, wani mai da'awar annabci daga ƙasar Farisa, kusan shekara tara, sannan koyar da balaga, wato fasahar magana, ta kai shi Milan a Italiya. Can wa'azin Bishop Amburos ya ratsa shi, aka yi masa baftisma a 387. Zamansa a Italiya bai wuce shekara biyar ba. A 391 ya shiga coci a Hippo, Annaba ta yanzu, jama'a suka cafke shi suka kai gaban bishop, aka naɗa shi firist yana hawaye. Nan ya zama bishop, nan kuma ya rasu a 430, dakarun Bandal, wata ƙabila daga Turai, sun yi wa garin ƙawanya.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan Afirka cikin manyan malaman ikilisiyar farko fa. Tartuliyan da Sifiriyan mutanen Kartaj ne, Atanasiyus kuma na Iskandariya ta Masar; wasiƙarsa ta 367 ce ta fara jera littattafai 27 na Sabon Alkawari yadda muke da su.

Akwai inda ban yaba wa Agustin ba. Ikilisiyar Afirka ta rabu biyu, garuruwa da dama bishop biyu gare su, na Katolika da na 'yan Donatus, wato mabiyan wani bishop na Kartaj da suka ɓalle. Da fari ya ce a jawo 'yan Donatus da hujja, daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu. Masu mulki sun daɗe suna fakewa da wannan matsayi nasa.

Babban gadonsa shi ne muhawararsa da wani malami mai suna Felajiyus, inda Agustin ya tsaya a kan cewa mutum ba ya ceton kansa da ƙoƙarinsa, sai da alherin Allah. Katolika na lissafa shi cikin manyan malamanta, Martin Luta ma daga ƙungiyar zuhudu ta Agustin ya fito, da littattafan Agustin kuma ya kafa hujja a kan Ikilisiyar Roma.