Tauraron da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, da rigar da ke ɗauke da sunansa

Tambaya: Shekarata biyu ina karatu a Toronto. Abokan aikina ba su da hira sai ta ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, kullum musu suke ko ƙungiya ta rabu da tauraronta idan saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, ko ta riƙe shi. Ni dai sai ido. A ɗan haska mini. — Ɗalibi, Toronto

Amsa: Ƙanena, fara cire lissafin ƙwallon ƙafa daga kanka. A gasar NHL, babbar gasar wannan wasa a Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 32, bakwai daga ciki a Kanada, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Musaya ake yi, mutum da mutum, ko da damar zaɓen sabbin yara. Kowace ƙungiya kuma akwai iyakar albashin da ba za ta haura ba, dala miliyan 95.5 a kakar 2025-26. Wanda ya kai shekara 27 ko ya buga kaka bakwai, idan kwantiraginsa ya ƙare, daga 1 ga Yuli ya tafi inda ya ga dama, tsohuwar ƙungiyarsa ba ta da ko sisi. Yadda Mbappé ya bar PSG a 2024 ke nan.

New York Islanders sun riƙe tauraronsu John Tavares a 2018 suna jiran ya sa hannu a sabon kwantiragi, sai ya wuce Toronto a kan dala miliyan 77 na shekara bakwai, ya bar su da cizon yatsa. Columbus a 2019 sun riƙe taurarinsu Panarin da Bobrovsky da gangan, a zagayen farko na neman kofi suka fitar da Tampa Bay da nasara a wasa huɗu a jere, zagaye na biyu aka koro su, duka biyun suka tafi. Colorado kuwa ba su jira ba: a Janairun 2025 suka tura Mikko Rantanen Carolina, Carolina ta ga bai da niyyar zama, ta miƙa shi Dallas ranar 7 ga Maris, can ya sa hannu a kan dala miliyan 96 na shekara takwas. Wata biyu bayan nan shi ne ya zuba wa Colorado ƙwallo uku a wasa na bakwai, wasan raba gardama na zagayen, ya fitar da su.

Nawa ra'ayin: in ƙungiya ba ta kusa da Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, kuma mutum ya ƙi sa hannu har sabuwar shekara ta shigo, a musanya shi kafin a rufe kasuwa a farkon Maris. In kuwa da gaske tana jin ƙamshin kofin, a riƙe shi a rungumi ƙaddara. Sai dai ka tambayi abokanka ko kwantiragin ya hana a tura shi wani wuri ba da yardarsa ba. Irin wannan sharaɗi tauraro Mitch Marner yake da shi lokacin da yake Toronto, kuma rabin masu ihun "a sayar da shi" ba su san da haka ba.

Tambaya: Wace ƙungiya kake ganin tauraron da ake ta jita-jita zai koma? Ina so in zuba kuɗi. — Mai sauraro, Winnipeg

Amsa: Malam, ni ba na bugun ƙasa, kuma wannan shafin ba na caca ba ne. Ka biya kuɗin haya.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya dame ni in saya masa jesi mai sunan ɗan wasan da yake so, 'yan ajinsu duk suna da ita. An ce kwantiragin ɗan wasan zai ƙare bana. Na ga wata a intanet dala arba'in. Ba na so ya ji shi bare ne a makaranta. — Uwa, Calgary

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Damuwarki na fahimce ta, yaro baƙo a aji abin tausayi ne. Amma ki dakata da katin nan.

Ta dala arba'in ɗin jabu ce, ko tantama babu. Na taɓa faɗawa wannan rami. Na yi wa ɗana oda daga wani shafi, sai bayan sati shida ta iso, tana warin fenti. Tambarin gaba ya kumbura kamar kwali, zare ɗaya ya bi ta tsakanin haruffan sunan bai yanke ba. Wanki biyu lambar baya ta fara ɗagowa. Yaran ƙasar nan kuwa a cikin wasan suka tashi, daga nesa suke gane ta, sai abin da kike gudu ya same shi. Shafin da na saya ma, da na koma neman su, ya ɓace.

Ta gaskiya mai suna da lamba, ta manya, tana taɓa dala ɗari biyu ko ta wuce. Ki juya wannan zuwa naira ki ga buhun shinkafa nawa ne a gida. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu a nan shi ne, mutum yana aikin dare a sito, ƙafa ta kumbura, takalmin sanyi na kirki bai saya ba, amma ya ɗauki kuɗin kwana biyu ya manna sunan wanda wakilinsa ke can yana ciniki da wasu garuruwa. Wanda ya sayi lamba 16 ta Marner a farkon 2025, kafin rani ya wuce mai ita yana Vegas da lamba 93. Magoya bayan Islanders har ƙona rigunan Tavares suka yi don takaici. Ni ban ga wanda ya yi asara ba sai mai ƙona kuɗinsa.

Ki sayi ta yara, a shagon ƙungiyar ko babban kantin kayan wasanni, marar suna, kuma mai ɗan girma don ya shekara biyu da ita. In kin leƙa shagunan gwanjo ma sau da yawa ana dacewa da ta gaskiya. In kuma ya kafe sai mai suna, ki sa masa lamba 12 ta Jarome Iginla. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, shi ma a Maris na 2013 aka tura shi Pittsburgh da kwantiraginsa ya zo ƙarshe. A 2019 ƙungiyar ta jingine lambar, ba mai sake sa ta a fili. Ki ba yaron labarinsa kafin ya shiga da ita makaranta.